Kwale-kwalen Kankare: A Yaɓa a Kan Tudu ko a Zuba a Rami?

Duk tawagar ɗalibai da ta ɗaura niyyar shiga gasar kwale-kwalen kankare, gardamarta ta farko a kan kwaɓi take tashi. Siminti nawa za a sa, wane irin yashi, me za a ƙara don ya yi rashin nauyi. Sai a kwana uku ana ja-in-ja a kan wannan. Alhali kwaɓi in bai yi ba, gobe a sake wani a bokiti, ba a yi asarar komai ba sai rabin buhu. Shawarar da in an yanke ta babu komawa baya ita ce ta mazubi, wato abin da zai ba kankaren siffar kwale-kwale. Sau ɗaya ake yin sa a shekara, shi ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin tawaga, shi ke cinye makonni, kuma duk abin da zai faru ranar zubi da watannin da ke biye daga gare shi yake tasowa.

Iri biyu ne ake zaɓa a tsakaninsu. Na farko kamar ƙwarya ce a kife: a sassaƙa siffar cikin kwale-kwalen, a kifa ta a kan dogon teburi, a bi bayanta da kankare a yaɓe. Ɗalibai a Amurka namiji suke ce masa, ni zan kira shi mazubin tudu. Na biyu ƙwarya ce a buɗe: a sassaƙa siffar bayan kwale-kwalen ta zama kwarmi, a shafa kankaren a cikinta. Wannan su mace suke ce masa, ni zan ce mazubin rami. Fuskar kankaren da ta kwanta a jikin mazubi ita ke fitowa sumul, daidai da abin da aka zana a kwamfuta. Ɗayar fuskar aikin hannu ce, da duk gargadar da hannu ke bari. A tudu, cikin kwale-kwalen ne ke fitowa sumul. A rami, bayansa ne. Kuma bayan shi ke gogar ruwa.

Da jin haka mutum zai ce ai magana ta ƙare, rami za a yi. Da sauƙin ya kai haka, da ba a ci kofi da mazubin tudu ba, kuma an ci, ba sau ɗaya ba.

Kafin mu shiga ciki, ga wanda abin yake baƙo gare shi: kankare yana iyo ne bisa dalilin da ya sa jirgin ƙarfe ke iyo. Duk abin da aka sa a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Kwale-kwale mai kilo 80 ɗauke da mutum huɗu masu kilo 280 a haɗe, lita 360 na ruwa kawai yake buƙatar turewa kafin ya tsaya cak, kuma cikinsa ya fi haka faɗi nesa. Dabarar ma tsohuwa ce. Wani Bafaranshe, Joseph-Louis Lambot, ya gina ƙaramin jirgi na siminti da ragar waya a 1848, ya kai shi baje-kolin duniya na Faris a 1855. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko, da ƙarfe ya yi wuya, Amurka ta gina manyan jiragen dakon kaya na kankare, cikinsu har da SS Faith da aka sa a ruwa a Kalifoniya a 1918. Gasar ɗalibai kuwa daga aji ta fito. A 1970 Farfesa Clyde Kesler na Jami'ar Illinois ya sa ɗalibansa suka gina kwale-kwalen kankare mai nauyin fam 370, kusan kilo 168. A 1971 suka yi tsere da ɗaliban Jami'ar Purdue, waɗanda nasu ya fi rashin nauyi sosai, amma Illinois ce ta ci. Ƙungiyar Injiniyoyin Gine-gine ta Amurka, ASCE, ta fara gasar ƙasa baki ɗaya a 1988 a Jami'ar Jihar Michigan, Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta ɗauki kofin farko. Jamus ma tana da tata gasar tun 1986, ana yi duk bayan shekara biyu, Kanada ma haka tana da tata.

Dokokin ASCE suna sauyawa kowace shekara, da gangan, don kada tawaga ta kwafe aikin bara. Amma ginshiƙansu ba su cika motsawa ba. An yi shekaru da yawa ana raba makin gida huɗu daidai wa daida: rubutaccen rahoton ƙira, jawabi a gaban alƙalai, kyawu da ingancin kwale-kwalen kansa, sai tsere. A lura, tsere ɓangare ɗaya ne kawai cikin huɗun. Akwai kuma gwajin da ke sa gaban kowace tawaga faɗuwa: a cika kwale-kwalen da ruwa a danna shi ƙasa, dole ya taso da kansa. Lita ɗaya ta kankaren gini kilo 2.4 ce, ta ruwa kilo 1, don haka ake cire tsakuwa da yashi a maye gurbinsu da ƙananan ƙwallayen gilashi masu iska a ciki, irin su Poraver da ake yi da fasassun kwalabe, ko gasasshen yumɓu mai kumbura, har kwaɓin ya sauko kusa da nauyin ruwa ko ƙasa da shi. Ana rage siminti da tokar kwal ko niƙaƙƙen kashin maƙera na masana'antar ƙarfe. Abin da ke fitowa ya fi kama da ƙullun yaɓe mai kauri, kuma da tafin hannu ake shafa shi. Wannan ya shafi zancenmu kai tsaye: ba zubawa ake yi a girgiza ba kamar ginshiƙin gini, dannawa ake yi, tafi bayan tafi, a bango mai kauri kamar milimita 13 a jikin abu mai tsawon kusan mita 6.

To mu fara da tudu, tunda shi yawancin sababbin tawagogi ke fara tunani.

Babban alherinsa shi ne komai a fili yake. Kwale-kwalen yana kife a tsayin ƙugu, mutum ashirin za su iya kewaye shi kowa da yankinsa, babu mai sunkuyawa cikin rami, babu mai tokare wani. Abin da hannunka ke yi idonka na gani. A shafa shimfiɗar farko mai kamar milimita 4 ko 5, a ɗauko ragar zaren gilashi ko ta kabon a lulluɓa, ita kuma ta kwanta da kanta kamar zane a bayan doki, nauyinta ma yana taimakawa. A danna ta har kwaɓin ya ɓullo ta idanunta, a sake shafa wata shimfiɗar, a sake raga, a rufe. Wanda bai taɓa riƙe kankare ba zai koyi wannan cikin rabin awa. Ga tawagar da rabin 'yan cikinta 'yan shekarar farko ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ranar zubi rana ɗaya ce tak, kuma kwaɓin ba ya jiran kowa. In kwano ɗaya ya fara daskarewa kafin a haɗa shi da na kusa da shi, wurin ya zama gaɓa mai rauni har abada.

Alheri na biyu ya shafi igiyoyin ɗauri. Kankare gwani ne wajen jure danniya, amma wajen ja ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Kwale-kwale kuwa lanƙwasa yake sha kullum: mutum biyu a ƙarshe da ƙarshe suna danna goshi da wutsiya ƙasa, ruwa yana tura tsakiya sama, sai leɓen sama ya shiga ja. Don haka wasu tawagogi ke ja da siraran wayoyin ƙarfe ko igiyar Kevlar, wani zare mai tsananin ƙarfi, daga goshi zuwa wutsiya, su ɗaure su tamau kamar tsarkiyar baka kafin zubi, in kankaren ya yi ƙarfi su saki, igiyar ta matse shi ta hana tsaga buɗewa. A kan tudu, igiyar da aka ja tana rungumar mazubin da kanta, tana bin lanƙwasarsa. A cikin rami akasin haka take yi: da an ja ta sai ta miƙe ta bar bango, ta tsaya a iska, sai an bi ta da ƙugiyoyi ana riƙewa taki-taki. Duk tawagar da ta yanke cewa za ta yi irin wannan ɗauri, tudu ya riga ya ci rabin gardamar.

Amma tudu yana da lahani biyu, kuma dukkansu sai bayan an gama murna suke bayyana.

Na farko ni na gan shi da idona. Shekarar da na fara aiki da wata tawaga, mun yi zubi kwana kaɗan kafin hutun hunturu. Muka lulluɓe kwale-kwalen da jiƙaƙƙen buhu, muka yi masa rumfar leda, muka kunna na'urar feshin tururi a ciki, kowa ya tafi gida da farin ciki. Wanda aka bar wa aikin ƙara ruwa ya yi tafiya ta kwana biyar, na'urar ta ƙafe. Da muka dawo muka ɗaga ledar, kankaren ya yi fari fat, ya bushe. Na sa yatsa ina bin gefensa, sai farcena ya maƙale. Tsaga ce, siririya kamar gashi, ta taso daga leɓe ɗaya ta haye gindin ta sauka ɗaya leɓen. Muka ƙirga guda uku, duk a kusa da tsakiya. Babu wanda ya taɓa shi, babu abin da ya faɗo masa. Kankare in yana bushewa tsukewa yake yi. Na gini yakan tsuke kamar rabin milimita zuwa kusan milimita ɗaya a kowace mita, irin wannan kwaɓi mai yawan siminti da tsakuwa mara tauri kuma ya fi haka. A tsawon mita 6 ana maganar milimita da dama ke nan. Namu ya so ya tsuke, mazubin da ke cikinsa, wanda muka yi da haƙarƙarin katako, ya ƙi ba shi hanya, sai ya yage kansa. Da muka zo cire mazubin ma sai da muka farfasa shi, don kankaren ya riƙe shi gam kamar zobe a kumburarren yatsa.

Wannan yana da magani, amma sai an shirya shi tun ranar da ake zana mazubin. A yi shi gunduwa-gunduwa, da wani yanki a tsakiya mai siffar tsinke wanda za a iya zarewa da farko, sauran su saki. A yi shi da farin soso, irin wanda ake tokare kayan lantarki da shi a cikin kwali, maimakon katako, don soso yana ɗan lotsawa. A sa gajerun zaruruwa a cikin kwaɓin, irin na robar da ake kira PVA, su riƙe tsaga tun tana ƙarama. Mafi muhimmanci, kada a bar kankaren ya fara bushewa mazubin yana ciki. Muddin yana jiƙe, tsukewar ba ta kankama ba. A zare mazubin da zarar bangon ya iya ɗaukar kansa, a ci gaba da shayar da shi har kwana 28 ɗin su cika.

Lahani na biyu shi ne guga. Bayan kwale-kwalen da aka yaɓa da hannu ashirin yana fitowa da sawun hannu ashirin. Sai an bi shi da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, makonni ana yi, kuma aikin nan shi ke korar mutane daga tawaga. Ƙurar kuma ba abin wasa ba ce, domin tana ɗauke da silika mai lalata huhu, dole a yi gugar da ruwa ko a sa takunkumi na gaske mai matata. Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa wa sababbi ba. A kan tudu, kwanar da gindi ke haɗuwa da bango tsini take yi waje, hannu kuma in ya zo kan tsini yakan sharɓe kwaɓin ba tare da mai hannun ya sani ba. Wurin sai ya fi ko'ina siranta, alhali kwaɓin da ya zamo daga can ya taru a leɓe ya yi kauri. Mai guga ya zo ya ƙara cin kwanar, sai ga raga ta leƙo. Ragar da ta fito fili maki ne ya zube a gaban alƙalai, kuma rauni ne a daidai inda bango ke ɗaukar lanƙwasa.

Masu tudu kan kare kansu ta hanyar barin kauri fiye da kima don a sami abin gogewa. A nan lissafi yake shigowa. A ce faɗin fatar kwale-kwalen gaba ɗaya murabba'in mita huɗu da rabi ne, kwaɓin kuma lita ɗaya gram 900. Kowace milimita ɗaya da aka ƙara a kauri, kusan kilo 4 ke nan. Milimita uku na "don a tabbata" sun zama kilo 12, waɗanda ko a goge su da gumi ko matuƙa su ja su a ruwa. Shi ya sa tawagar da ta san aikinta ba ta yarda da ido. Tana liƙa siraran igiyoyi ko tsiri-tsirin soso a kan mazubin a matsayin ma'aunin kauri, a cike tsakaninsu, a zare su a toshe gurbin, wani kuma yana zagayawa da ƙusa mai alama yana cakawa yana dubawa.

Yanzu rami.

Ranar da aka buɗe mazubin rami da aka yi da kyau, abin da ke fitowa yana sa mutum ya yi shiru. Bayan kwale-kwalen sumul kamar tangaran, kowace lanƙwasa daidai da zane, ɓangaren dama da na hagu tamkar an tsaga kara. Wannan daidaito na ƙarshe ya fi sheƙi muhimmanci. Kwale-kwalen da gefensa ɗaya ya ɗan fi ɗaya kumburi zai riƙa janyewa gefe, mai tuƙin baya ya ɓata ƙarfinsa wajen gyara hanya maimakon tura jirgi. Tawagar da ta shafe wata biyu tana gwada siffofi a kwamfuta, tana auna yadda goshi zai yanka ruwa da yadda gindin zai juya a kwana, rami ne kaɗai zai ba ta tabbacin abin da ta zana shi ta samu. Tsukewa ma a nan abokiya ce: kankaren yana janyewa daga bangon mazubin, ya saki kansa. Guga ta ragu ƙwarai, sai dai a ciki, inda gwiwoyin matuƙa za su durƙusa. Sannan gunduwoyin mazubin sukan zama gadon da za a kwantar da kwale-kwalen a cikin tirela, kuma kwale-kwale da dama sun tsage a hanya tun kafin su ga ruwa.

Ado ma a rami ya fi armashi. Dokoki sun daɗe suna taƙaita fenti, don haka zane da launi a cikin kankaren kansa ake yin su. A liƙa siffar da ake so a bangon mazubin, a shafa kwaɓi mai launi, in an buɗe sai ga zanen a bayan kwale-kwalen, shafe ɗaya da jikinsa, inda duk mai wucewa zai gani. A tudu irin wannan zanen ciki yake fitowa.

Kuɗin wannan kyau ranar zubi ake biyan sa. Aiki ake yi a makance. Fuskar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ba ka gani, tana manne da mazubi, kuma duk inda tafin wani bai danna sosai ba iska ta maƙale, sai bayan makonni a ga ramuka kamar cin gara a fuskar da aka yi duk wahalar dominta. A cike su ana iyawa, amma facin yana nunawa. Bangon tsaye kuma kwaɓin yana son zamewa ya taru a kwana, don haka dole ya yi tauri daidai, ba ruwa-ruwa ba, ba kuma busasshen da zai ƙi shiga idon raga ba. Gara dai a nan kaurin a ƙasa yake taruwa, inda yake taimaka wa kwale-kwalen zama daram, ba a leɓe ba. Raga ita ma gardama take yi: a lanƙwasa ta cikin kwarmi, ta ɗago, a danna nan, ta tashi can. Ragar kabon mai tauri ta fi kowace taurin kai, sai an yanka ta an haɗa baki da baki. Goshi da wutsiya kuwa matsattsu ne, hannu ɗaya ke shiga, wani lokaci yatsu biyu, kuma a nan ne ake karo da sauran jirage da tulun alamar juyawa. Mutanen da za su iya aiki a lokaci guda sun ragu, kowa a sunkuye, bayan awa uku baya ya gaji, aikin ƙarshe ba ya kai na farko kyau.

Ginin mazubin kansa ya fi wuya. Yana cin soso fiye da tudu, yana buƙatar firam mai ƙarfi a waje don kada bangonsa ya buɗe in an jingina. Duk wani tabo a jikinsa zai koma jikin kwale-kwalen, don haka gugar da aka gudu a kankare wani ɓangarenta ta dawo kan mazubi: a shafe soson da abin cike ƙofofi, a goge, a rufe da abin da zai hana kankare kamawa. A kula, wasu nau'o'in gam da fenti narkar da farin soso suke yi, a gwada a ɗan guntu tukuna. In kuma bangon kwale-kwalen ya ɗan lanƙwaso ciki ta sama, yadda ake yi don filafili ya sauka kusa da jiki, to ba zai fito daga rami guda ba, sai an raba mazubin biyu, kuma layin haɗin zai bar zare a jikin kankaren. Tawagar da ke da injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta a makarantarta, ko kamfanin da zai yanka mata kyauta, wannan duk mai sauƙi ne. Wadda za ta yanka soso da zazzafar waya tana bin allon katako, yanki bayan yanki, ta sani cewa gyara kumburi a bayan tudu da dogon katakon guga ya fi gyara kwarmi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai hanya ta uku, a haɗa biyun: rami a waje, tudu a ciki, kankare a tsakani. A takarda ita ce mafi kyau, fuska biyu sumul, kauri daidai ko'ina. A aikace mazubi biyu za a gina waɗanda dole su dace da juna cikin milimita, raga ta tsaya a tsakiyar tazara mai faɗin ɗan yatsa, kwaɓin kuma ya kai kowane lungu ba tare da kowa ya gani ba. Wasu ƙwararrun tawagogi sun yi. Ban ba sabuwar tawaga shawarar ta kusance ta ba.

Abin da nake so mai zaɓi ya auna shi ne inda makinsa zai fito da gaske. Tseren gajere ne, mita ɗari biyu zuwa ɗari huɗu, da juyawa a kan alama, wani kuma zigzag tsakanin tuluna. A irin wannan nisa, matuƙan da suka yi wata huɗu suna atisaye tare za su wuce waɗanda ke da jirgi mai sheƙi amma ba su iya juyawa ba. Tseren 1971 ya riga ya nuna haka. Duk awar da aka kashe ana guga, ko ana gyaran mazubi, awa ce da ba a yi ta a ruwa ba, ba a yi ta a kan rahoto ba. Don haka tambayar ita ce wane lokaci tawagar ta fi wadata da shi. Rami yana cin lokacinsa da wuri, a zangon karatu na farko, kuma yana son hannu kaɗan masu ƙwarewa. Tudu yana cin nasa daga baya, dab da gasa, lokacin da rahoto da jawabi da atisaye duk suke kira, amma yana karɓar hannu da yawa ko da ba su iya ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Tawagar da wannan ne karonta na farko ko na biyu, ko wadda manyanta suka gama karatu suka tafi da iliminsu, ta yi tudu. Ta yi shi da soso, gunduwa-gunduwa, da ma'aunin kauri, ta sa mutum biyu a kan aikin shayarwa ba ɗaya ba. Kuskuren tudu ana ganin sa ana gyarawa, na rami sai ya riga ya daskare. Haka duk tawagar da ke son igiyoyin ɗauri. Wadda kuwa ta yi shekara uku tana fitowa, tana da mutum shida ko takwas da suka taɓa zubi, tana da injin sassaƙa, ta kuma gano kwaɓin da ke tsayawa a bango ba ya zamewa, ta koma rami, domin makin kyawun jirgi da daidaiton siffa a can suke, kuma watan da za ta tsira da shi daga guga zai tafi ruwa. Jami'ar Wisconsin ta Madison ta ci kofin ƙasa sau biyar a jere daga 2003 zuwa 2007, makarantar ÉTS ta Montreal ta zo daga Kanada ta ɗauka a 2013. Irin wannan ba ya samuwa sai inda na bara ya zauna da na bana ya nuna masa da hannu, kuma mazubin rami irin wannan gadon yake nema.

In har bayan duk wannan tawagar ta rabu biyu, kada a kaɗa ƙuri'a. A ware Asabar ɗaya a farkon zango, a yanka mita ɗaya ta goshin kwale-kwalen sau biyu, ɗaya tudu ɗaya rami, daga ragowar soso. A kwaɓa kwaɓin da ake niyyar amfani da shi, da ragar da aka saya, a sa mutanen da za su yi zubin gaske su yi, har da sababbin. Bayan mako biyu a cire, a ɗora kowane a sikeli, a ƙirga ramukan iska, a duba agogo a ga awa nawa gugar kowane ta ci. Sannan a sa zarto a yanka su a tsakiya, a ɗauki ma'auni a bi bakin yankan daga leɓe zuwa kwana zuwa gindi, a rubuta kaurin kowane wuri da inda ragar ta kwanta.